Gemun Ɗan Sha Shida

Kawuna mai aski ne, da yamma yana koya wa yaran unguwa ƙwallo. Da aka tashi zaɓen tawagar ƙasa ta 'yan ƙasa da sha bakwai, ya kai nasa da shekarunsu na gaskiya. Aka ce sun yi ƙanana. Wanda aka ɗauka a unguwarmu, Kawu ne ya kwashe masa gemu ana gobe zaɓen.

Ranar da ya ci mana kofi a ƙasar waje, masu kallo suka cika shagon.

"Ka ga yaro," in ji wani. "Kai me kake koya wa naka?"

Kawu bai ɗago ba. "Nawa sun koma dako a kasuwa. Yaron naku kuwa, har ɗansa nake yi wa aski yanzu."