Agogon Yaya Sale da Hannuna na Hagu

Tarihin ɗan Adam, in aka zauna aka tace shi, mutane iri biyu ne a ciki: waɗanda suka tayar da abu suka tafi, da waɗanda aka bar wa wahalar kada abin ya tsaya. A kan haka dauloli suka tashi, a kan haka kuma suka rushe. Rabona a wannan babban al'amari bai fi faɗin murfin kwalba ba, kuma a hannun hagu na ɗauke shi. A wannan watan Yaya Sale ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare nan Bauchi, ni kuma na bi bayansa na koyar da Turanci har alli ya cinye mini murya. Waɗanda suka zauna a ajinsa, yau wasu sun yi furfura, ba sa tuna sunayen kogunan da ya koya musu. Agoguna suke tunawa. Yaya ya tara tsofaffin agogunan hannu tun abin bai zama yayi ba, tun ana kallon mai yin haka a matsayin wanda ya rasa abin yi da albashinsa. Ya samo wasu wurin tsofaffin ma'aikatan reluwe, wasu wurin alhazan da, wasu kuma a tiren 'yan gwanjo a Jos. Cikin gwangwanin biskit yake ajiye su, ya shimfiɗa musu tsohuwar hula. Kullum bayan Asuba zai zauna a zauren gidanmu na Ƙofar Dumi ya wana su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai watsa wa tattabaru hatsi. Kowane yana da labarinsa, kuma duk wanda ya yi kuskuren tambaya sai ya ji labarin har ƙarshe.

Amma ɗaya ne ba ya shiga gwangwani, domin ba ya rabuwa da hannunsa. Baƙi ne, mai kauri, ɗan Japan, irin wanda aka ƙera wa masu nutso a teku. An rubuta a fuskarsa cewa yana jure zurfin da ko an ɗora rijiyoyin unguwarmu a kan juna ba su kai ba. Ruwa mafi zurfi da ya taɓa gani shi ne na buta. Yaya kansa, da ya shekara talatin yana zana wa yara teku a allo, a taswira kaɗai ya san shi.

Akwai wani zobe da ya kewaye gilashin, mai juyawa, yana ƙaras-ƙaras. Yaya ya ce da shi mai nutso ke sanin lokacin da ya kamata ya fito kafin iskarsa ta ƙare. Shi kuwa da shi yake auna darasi. Daga baya ya faɗaɗa amfaninsa. In muna wurin walima ko taron iyayen yara, wani babba ya karɓi makirufo ya ce ba zai tsawaita ba, sai ka ji ƙaras-ƙaras daga inda Yaya yake zaune. Fuskarsa kuwa kamar ta mai sauraron wa'azi. Na san manyan mutane a garin nan da suka koyi taƙaita jawabi saboda wannan ƙarar.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne yadda agogon ke tafiya. Ba ya cin batir, ba a kuma wana shi. Akwai wani ɗan ƙarfe a cikinsa da ke lilo duk lokacin da mai shi ya motsa hannu, wannan lilon ne abincinsa. In aka ajiye shi kwana ɗaya ko biyu ba motsi, sai ya tsaya.

Yaya ya rasu da rana, bayan 'yar gajeriyar jinya a gida. Ni aka sa na cire masa agogon kafin wanka. Na cire, rigar da ke jikina ba aljihu, sai na ɗaura a hannuna don kada ya ɓace a cikin jama'a. Sai a maƙabarta, ana tura ƙasa, na sunkuyar da kai na ga tsinken sakan yana ta zagayensa. Na tsaya ina tunani irin na malamin makaranta, wanda ba ya iya barin abu ya wuce bai yi masa sharhi ba. Wannan tafiyar da yake yi, ba ni na ba shi ita ba. Ragowar motsin hannun Yaya ne na jiya, da ya ɗaga kofin kunu, da ya kori ƙuda, da ya yafito ni in matso kusa. Mun rufe mutumin, amma ga wani abu da ya tayar yana nan bai tsaya ba.

A wurin na ƙudurta cewa ba zai tsaya ba. In na ɗora motsina a kan nasa kafin nasa ya ƙare, to babu giɓi, kamar yadda ake zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara, ƙwarya ta bi ƙwarya. Na san abin da liman zai ce game da wannan tunani, na kuma san abin da malamin kimiyya zai ce, kuma wannan na cikin 'yan wuraren da bakinsu zai zo ɗaya. Addu'a ce ke isa ga mamaci, ita kuma ban fasa ba. Amma ban cire agogon ba.

Da aka zo rabon gado, agogunan gwangwani suka watsu a tsakanin magada, wannan kuma ya faɗa rabon Mubarak, ɗan Yaya, wanda a lokacin yake ƙaramar sakandare. Mahaifiyarsa ta ce mini, “Bappansu, riƙe masa har ya yi hankali.” Na ji daɗin wannan sharaɗi. Wanda ya koyar da samari ya san wa'adi ne mai tsawo.

Shekarun farko ba wuya. Mai rubutu a allo ba ya rasa motsin hannu. Wahalar ta fara ne da na yi ritaya. Ashe zaman kujera da karanta jarida ba sa ciyar da agogo. Na fara lura yana yin kasala, sai na shiga tattaki da safe, in zaga unguwa ina wurga hannu kamar soja. Maƙwabta suka yaba, suka ce Malam ya kama motsa jiki, har wani ya kafa misali da ni wurin yi wa ƙaninsa faɗa. In ruwan sama ya hana fita, sai in zauna a ɗaki ina kaɗa hannu kamar mai fifita wuta. Agogon yana buƙatar wanki da mai tun tuni, yana ƙara gudu, amma kai shi wurin mai gyara yana nufin a tsayar da shi, don haka ban kai ba. Na gaji, gaskiyar magana ke nan. Akwai safiyar da nake farkawa in kai shi kunne, in ji yana tafiya, in rasa ko daɗi na ji ko nauyi.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga Bauchin yau. Ka je Yelwa da yamma, wajen da ɗalibai ke taruwa. Kowane saurayi da agogon nutso a hannu, kore, shuɗi, mai ruwan lemo, wani faɗinsa ya kai bakin kofi. Ga garin da ko kogin kirki sai an yi tafiya, amma ya cika da mutanen da suka shirya wa ƙasan teku. In za a ɗauki hoto sai a tallafe haɓa da hannun hagu, kamar mai tunanin makomar ƙasa. Ka tambayi ɗayansu ƙarfe nawa, sai ya laluba aljihu ya ciro waya. Tsofaffin agoguna irin na gwangwanin Yaya kuwa, waɗanda da ake yi masa dariya a kansu, yanzu su ake nema ido rufe, har da masu tallarsu a waya, suna kiran tsatsa tarihi.

Na daɗe ina cewa da Yaya ya ga wannan da ya juya zobensa ƙaras-ƙaras. Amma in zan yi adalci, ban tabbata ba. Telansa, wani dattijo a lungunmu, yana nan da rai, kuma ya san cewa duk kaftanin da ya ɗinka wa Yaya, hannun hagu ya ɗan fi na dama gajarta. Ba kuskure ba ne, umarni ne. Mutumin da ya sa aka rage masa hannun riga don agogo ya leƙo ba shi da bakin yi wa yaran Yelwa faɗa. Wataƙila ma da tsakiyarsu za a same shi, yana ba su labarin kowane ƙarfe har su gudu.

Wata Juma'a cikin watan jiya Mubarak ya zo gaishe ni. Ya zama cikakken mutum, yana aiki, an sa ranar aurensa. Ya durƙusa, muka gaisa, ya tambayi jiki, ya tambayi Goggonsa, ya yi ta kewaye-kewaye. A hannunsa akwai wani ƙaton agogo kore mai sheƙi. Na duba da gefen ido. Ana shirin kiran La'asar, shi kuma yana nuna wani lokaci da sai dai a wata nahiyar.

Can ya ce, “Bappa, dama agogon Baba ne. Ina so in ɗaura ranar ɗaurin aure.”

Na ce, “Wannan na hannunka fa? Ƙarfe nawa yake cewa?”

Ya yi dariya, ya rufe shi da tafi. “Kai Bappa. Wannan ai na shiga ne, don ya dace da hula.”

“To na ubanka ba ya dacewa da hula. Ci yake yi kullum, kamar akuya. In ka ajiye shi a kan durowa ka tafi ɗaurin auren abokanka da kore, kafin ka dawo ya tsaya.”

“In ya tsaya ai sai a girgiza shi, Bappa. Ba haka ake yi ba?”

Haka ake yi. Na ce masa zan duba. Da ya fita, mai ɗakina, Hajiya Asabe, wadda ta ji komai daga tsakar gida, ta leƙo ta ce, “Malam, me za ka duba? Amana aka ba ka, ba kyauta ba. Ko sai ya yi jika zai yi hankalin?”

Na yi kwanaki ina jan ƙafa. Hakkinsa ne, babu malamin da zai ba ni wata fatawa. Kuma yaron bai nemi agogon don ya yi kama da na abokansa ba, nasu sun fi shi ƙyalli nesa ba kusa ba. Yana so ne a ranar da ake buƙatar uba, wani abu na uban ya kasance a jikinsa. Ni kuma ina so in hana shi don in tsare wa uban wani abin da uban bai taɓa roƙona ba.

Ana jibi ɗaurin aure na aika aka kira shi. Na kwance maɗaurin. Fatar wurin ta yi fari, ta yi laushi, kamar ba tawa ba. Na ɗaura masa da kaina, na yi masa bayanin ƙarfen da ke lilo, da maƙabarta, da tsohon nono da sabuwar madara. Jawabin ya yi tsawo, da Yaya na nan da na ji ƙaras-ƙaras. Mubarak ya saurara kansa a sunkuye. Da na gama ya goge ido ya ce, “In sha Allahu, Bappa, zan kula.” Na san iyakar wannan alkawari, na karɓa a haka.

Me ya rage na Yaya Sale bayan shekara goma sha biyu? Gwangwanin biskit yana wurin 'yarsa, allura da zare take zubawa. Ɗalibansa sun manta koguna. Akwai 'yan dattawa da har yanzu in sun karɓi makirufo sukan waiga kafin su tsawaita. Akwai ɗa da ya gaji tafiyarsa da son a gan shi. Akwai addu'ar da muke yi masa, wadda ita ce kaɗai na tabbata tana zuwa inda aka aike ta. Sai kuma abin da na ɗauka nawa ne ni kaɗai, wanda na riƙe a matsayin aikin da na yi wa ɗan'uwana ba tare da fashi ba.

Da yaron ya tafi na zauna a tsakar gida, hannuna sakayau kamar an sauke mini kaya. Hajiya tana tsince shinkafa a faranti. Na ce mata, ko ba komai na sauke nauyi, tun daga hannun Yaya har zuwa hannun ɗansa agogon nan bai taɓa tsayawa ba, ko na ƙiftawar ido.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce ya tsaya tun daminar farko bayan rasuwar, lokacin da taifod ya kwantar da ni ban san inda nake ba. Ita ta girgiza shi, ta daidaita shi da labaran rediyo.