Dunƙulen Lakar da Dakta Mashkura Ta Nuna Mini

Ina neman afuwar manya da na ɗauki biro a kan abin da ya fi ƙarfina. Ni ɗalibar aji biyar ce a sakandare a Wurno, ba dangi ba, ba abokiyar aiki ba. Na dai kasa yin shiru.

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, aka sanar da mu a taron safe cewa Allah Ya yi wa Dakta Mashkura Iliyasu Gandi rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dakta, bara kin zo makarantarmu kin faɗa mana aikinki a ɗakin bincike: kina zuba wasu ƙananan sinadarai a kan ƙwayoyin fatar mutum, su tsayar da aikin enzayim guda, wato wani sinadari mai tafiyar da aiki a cikin ƙwayar, sai ƙwayar ta koma ɗanya kamar ba ta taɓa zama fata ba. Ban gane ba, kunya kuma ta hana ni ɗaga hannu. Kika lura. Da kika ji mahaifina manomin albasa ne a Goronyo, kika ce, "Ɗiyata, mi babanki ka yi in yana son ruwa su koma wani fangali?" Na ce yana toshe hanya ɗaya da dunƙulen laka. Kika yi dariya, kika ce, "To aikina ke nan, lakata ce dai ba a gani da ido."

Na tambaye ki ko wannan zai warkar da ƙanwata Nafisa mai sikila. Ba ki yaudare ni ba. Kin ce aikin yana cikin farantin gwaji tukuna, bai kai ga mutane ba, yana bukatar hannuwa da yawa, har da nawa. Daga nan duk wata nake aiko miki da tambaya ta hannun ƙanenki Malam Kabiru, ki amsa da jan biro. Tambaya ta tara tana jakata, ban san wanda zan ba ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa iliminki ya zama sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya mahaifiyarki, da 'ya'yanki, da mutanen Gandi baki ɗaya.

Malam Kabiru, an ce Dakta ta bar ɗalibai a ɗakin bincikenta. In ba zan takura ba, ina roƙon izini in ci gaba da rubutowa, ko ɗayansu yana da jan biro.

Halimatu Sa'adiya Mode, Wurno