Tarmostan da Kaka ta Ƙulle a Bakin Zane

Ƙarfe takwas da kwata, bayan sallar isha'i, Kaka Falmata take fara labari. Na san lokacin daidai domin a nan ne Baba yake kashe rediyo. Masu zama mu huɗu ne: ni, ƙanwata Aisa, Inna da tiren gyaɗarta, sai Kaka a kan buzu kusa da wuta. Baba yakan ce shi ba ya saurare, amma ban taɓa ganin ya tashi daga bakin zaure ba. Ƙodagon goriba muke ƙonawa, domin ba ya saurin cinyewa.

A zauren gidanmu na Gure akwai injin jirgin ruwa jingine da bango, an lulluɓe shi da tabarma. Baƙi sukan yi dariya, su tambaya ko a kan tudun rairayi muke tuƙi. Na kakanmu ne, Malam Ari, wanda ya yi aikin kwale-kwale a Tafkin Cadi kafin ruwa ya ja baya su dawo gida. Ban same shi da rai ba. Kaka tana da tatsuniyoyi da yawa, amma labarin injin muka fi roƙa.

"Ku gyara zama," in ji ta. "Wannan ba tatsuniya ba ce, da ni aka yi ta."

A lokacin ita da Malam suna zaune a wani tsibiri, tana da tsohon ciki na fari. Injin ya fara zafi fiye da ƙa'ida, sai wani makanise a Gigimi ya ce tarmosta ne ya maƙale, ya ba Malam sabo. Tarmosta ƙaramin abu ne kamar murfin kwalba, da waya a nannaɗe. Aikinsa shi ne ya tare hanyar ruwa har inji ya yi ɗumi, sannan ya buɗe. Malam ya ciro tsohon ya jefa a tafki, Kaka tana riƙe masa kusoshi a faranti. Sabon kuma ya wurgar a kan tabarma. Ya ce a ƙasar zafi ba a rufe wa inji ruwa, wannan abu na masu ƙanƙara ne. Haka duk direbobin tafkin suke yi. Kaka ta ɗauki sabon ta ƙulle a bakin zane.

Da sanyi ya shigo, naƙuda ta kama ta da asuba. Ungozoma ta duba ta ce ɗan bai kwanta daidai ba, sai asibiti, asibiti kuwa yana ƙetaren ruwa. Suka shiga jirgi su uku. A tsakiyar tafki injin ya yi tari, ya fitar da baƙin hayaƙi, ya mutu. Malam ya ciro buji, wato abin da ke ba inji wuta, ya goge, suka yi gaba kaɗan, ya sake mutuwa. Sau uku.

A nan Kaka takan sauya murya, ta yi ta Malam da kauri.

"Na ce, Malam, injin nan sanyi yake ji. Ya ce, ke da ke naƙuda, me kika sani a inji? Na ce, na san ka cire abu ka bar wurinsa ba kowa. Kwance bakin zanen nan, hannuna ba ƙarfi."

Sai ta ƙirga mana aikin da yatsu, mu kuma mu maimaita. Na ɗaya, ya kwance kusoshi biyu na murfin mazaunin tarmosta. Na biyu, ya kankare ragowar juwan, wato takardar da ke hana ruwa yoyo, domin ta yage. Na uku, ya yanko sabuwa daga kwalin shayi da wuƙa. Na huɗu, ya sa tarmosta, amma a juye.

"Na ce, juya shi, ciki wayar take duba. Ya ce, wa ya gaya miki? Na ce, wa ya riƙe faranti ranar da ka ciro tsohon?"

Ya juya shi, ya ɗaure, ya sake goge buji, ya ja igiya. Injin ya tashi. Malam ya tara hannu a ruwan da ke tsartuwa daga bayansa, ya jira har ya ji ya yi ɗumi. Kafin hantsi sun isa gaɓa.

"Da azahar aka haifi wancan mai rediyo," in ji Kaka, domin ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Baba sai ya yi gyaran murya a cikin duhu. Aisa takan tambaya ko Malam ya yi godiya. Kaka ta ce bai yi ba, amma daga ranar bai ƙara yar da komai ba sai ya nuna mata.

Ni karatuna bai wuce aji shida ba. Makanise na zama, nan Gure, ina gyaran motocin da ke zuwa Alakos da Gidigir. Har yau direbobi suna zuwa su ce in cire musu tarmosta. Ba na cirewa. Wasu sun yi fushi sun tafi wani garejin. Da farko na ɗauka darasin na inji ne kawai. Sai daga baya na gane wadda ake ba faranti ta riƙe tana gani fiye da yadda ake zato.

Bara, bayan rasuwar Baba, na ɗage tabarmar na kwance kusoshin nan biyu. Tarmostan yana nan, wayarsa tana duban ciki. A gefen murfin akwai ɓarɓashin kwali da ya maƙale. Na mayar na ɗaure, ban taɓa komai ba.

Roƙona gare ka, mai karatu, ɗaya ne. Idan akwai tsohuwa a gidanku da rai, ka kashe rediyo yau bayan isha'i, ka zauna kusa da ita, ka tambaye ta yadda aka yi ranar da aka haifi mahaifinka.