Ramin Gas a Gindin Rumbuna

Cikin duk abin da muka gani a shekarun nan da tsada ta matse mu, wanda ba zai taɓa fita raina ba shi ne ranar da aka tashi haƙo gas a gindin rumbuna.

Lokacin daji ba ya shiguwa saboda ɓarayi, itace sai lallaɓawa, tukunyar gas ɗina kuwa tuni ta zama kujerar tsakar gida. Maigidana yana koyarwa a Safana, sai ƙarshen mako muke ganinsa, don haka yayansa, wanda muke kira Alhaji, shi ne mai magana a gidanmu na Batsari.

Ana haka ƙanena ya zo hutu daga karatu can ƙarshen arewacin duniya, inda ƙasa take a daskare rani da damina. Bayan la'asar Alhaji ya tambaye shi me yake karantawa. Ya ce akwai gas da sanyi ya daskarar a ƙarƙashin ƙasar, ka gan shi kamar ƙanƙara, amma da an kusanta masa ashana sai ya kama da wuta. Su aikinsu su girgiza ƙasa da manyan motoci, su jera na'urori suna sauraron amon da ke dawowa, da haka suke gane inda yake kwance. Don a fahimta sai ya ajiye ƙwaryar ruwa kusa da rumbu, ya ɗauki taɓaryata ya daki ƙasa. Ruwan ya yi rawa.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ya motsa fa."

"Ai ko'ina aka daka zai motsa, Alhaji."

"Amma nan ka zaɓa. Mai ilimi ba ya zaɓen wuri a banza."

Kashegari unguwa ta ɗauka. Mazan da ba su taɓa riƙe taɓarya ba, ga su nan suna dakan ƙasa, wani dattijo har da kwanciya ya kafa kunne. Alhaji kuwa ya shigo da masu diga da shebur. Geron da zai kai mu kaka yana cikin rumbun nan, kuma ƙasar gindinsa na zaftarewa zai kife. Ƙanena ya yi ta roƙo, yana cewa gas ɗin sai a ƙasar sanyi, nan ko ƙanƙarar mai shago ba ta kai azahar. Alhaji ya dubi mutane ya ce, "Kun ji ko? Turawa sun rantsar da shi kada ya faɗa."

Na shige ɗaki na yi kukana, na yi nafila, sannan na fito na durƙusa.

"Alhaji, tunda akwai shi, ba an ce ashana ke tayar da shi ba? To ba zan hura wuta a gidan nan ba sai an gama, kada mu ƙone yara."

Ya ce, "Kun ga mace mai hankali."

Matarsa ma ta kashe nata murhun, har da ƙyafta mini ido. Yara muka tura maƙwabta suka ci. Azahar ta wuce babu tuwo, masu haƙa suka ce za su je sallah, ba mu ƙara ganin ƙeyarsu ba. Da safe babu koko, babu shayi.

Hantsi na ɗagawa Alhaji ya zo bakin ramin, ya karɓi taɓarya ya daka sau ɗaya, ya karkata kunne kamar likita.

"Ya gusa," in ji shi. "Gas ɗin ya yi wajen garin Darini. A cike ramin, ke kuma ɗora mana tukunya."

Allah Ya jiƙansa, ba mugu ba ne, wahalarmu ce ta dame shi. Amma tun ranar na gane wanda ƙunci ya sa wa rai ba ya jin hujja, sai dai ka bi maganarsa da ladabi har ta kai shi inda zai janye da kansa. Geron nan kuwa, shi ya kai mu kaka.