Hamidu Injiniya da Irin Gidansu

In ka sauka tashar Madawa ka tambayi Hamidu ɗan Jima, ba lalle a gane wanda kake nufi ba. Amma ka ce Injiniya, ko mai kabu-kabun da ya shigo gari jiya zai kai ka bakin babbar hanya, gaban wata rumfar kwano inda ƙarafa ke zube. Can za ka iske wani siririn mutum mai furfura a gemu, da tabarau ɗaure da zare. Kafin ka gama gaisuwa zai gaya maka cewa shi fa ba injiniya ba ne. Sai dai wannan gaskiyar bai fara faɗinta ba sai shekara huɗu da suka wuce. Kafin nan, shekara goma sha ɗaya ya yi yana amsa sunan, har da gyara hula.

Yanzu kuwa da kansa yake lissafa maka matakan a kan yatsu. Wanda ya gama sakandare ta sama, ya ci jarrabawar ƙarshe da ake kira bak, ya ƙara shekara biyar yana fama da lissafi da zanen inji, shi ne injiniya. Ƙarƙashinsa akwai wanda ya yi shekara biyu ko uku bayan bak. Can ƙasa sai masu takardar koyon sana'a, waɗanda suka iya walda da gogar ƙarfe da kwance mota. Hamidu kan tsaya a ƙaramin yatsa ya ce ga gidansa nan. Shekara uku ya yi a makarantar sana'a a Maraɗi, ya fito da takarda mai hatimi biyu, wadda ya sa a gilashi tun kafin ya sayi katifa.

Da takardar ya samu aiki a wata masana'anta, cikin masu kula da injuna. Aikin ba wani abin a buga ganga ba ne: ya zagaya da safe ya saurari kukan kowane inji, ya taɓa ya ji ko ya yi zafi, ya sa man shafawa, ya ɗaure abin da ya kwance, ya rubuta a takarda. Shugabarsu, Madam Fatiha, ita ce injiniya ta gaske, kuma ba ta taɓa yarda a kira ta da sunan ba. Doka ɗaya ta dame su da ita har suka gaji: kada a miƙa wa mutum inji sai an gwada shi a kan ainihin abin da zai yi wa aiki, an kuma duba abin da ya fito. Hamidu ya haddace dokar sarai, har yakan kwaikwayi muryarta in ba ta nan.

Ranar da ya fara zuwa gida, ƙauyensu Urno, da hular kwano ta masana'anta rataye a babur, ranar sunan ya kama shi. Wani ya ce Injiniya ya iso, shi kuwa ya waiwaya. Mahaifinsa kaɗai, Baba Jima, bai taɓa kiransa haka ba. Hamidu yake ce masa, ko Ɗan-auta in yana cikin nishaɗi.

Bayan shekara takwas aka rage ma'aikata, ya dawo Madawa ya buɗe rumfarsa. Yana gyaran injin ban-ruwan masu albasa, yana ƙera amalanke da ƙofofi, abinci dai bai gagara ba. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, don gani yake mai suna irin nasa bai kamata ya ƙare a ƙofar gareji ba. Sai ya ƙudura zai ƙera injin sussukar hatsi, daga ƙarfen farko har na ƙarshe. Wata bakwai ya yi a kai. Matarsa Rahila ta ce a watannin nan ko tuwo ta ajiye masa sai ya auna faɗin kwanon kafin ya sa hannu.

Injin kuwa ya yi aiki, wannan ba mai musu. Ranar da aka kai shi Urno a amalanke, aka zuba masa dami guda, kafin mace ta gama ɗaura ɗankwali hatsi ya zubo ta nan, ƙaiƙayi ya tashi ta can. Abin da ya fi burge mata shi ne yadda ƙwayar ke fitowa fes, fara-fara, kamar an fara yi mata surfe. Hamidu bai shirya hakan ba, bai ma san dalili ba. Amma da ya ji ana yabo sai ya yi gyaran murya ya ce ai da gangan ya tsara shi haka, don ya rage wa iyayenmu mata wahala. Daga ranar ya ƙara wa injin wuta, don farin ya ƙaru.

Mutum ɗaya ce ba ta yi guɗa ba, Inna Hajo. Tsohuwa ce mai ƙarfin dantse, wadda ta fi shekara talatin tana yi wa gidaje sussuka da turmi da taɓarya ana ba ta awo. Ta ɗebi hatsin a tafin hannu, ta kawo shi kusa da ido, ta mayar, ta kakkaɓe hannu, ta tafi. Hamidu ya bi ta da murya a gaban jama'a, ya ce Inna ta je ta huta, taɓarya ta zama itacen girki. Aka yi dariya, ya ji daɗi. Cikin wata biyu gidajen da ke kiranta suka ragu zuwa uku, kuma gidan Baba Jima na cikinsu.

To, Baba Jima yana da wani hatsi da duk Urno ta sani, mai zangarniya doguwa, wata har ta kai tsawon hannun babban mutum. Daga kakansa ya zo, kuma ya tsallake farin da ya cinye irin gidaje da yawa. Kowace kaka tsohon kan shiga gona shi kaɗai kafin girbi, ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure dami biyu na iri, ya ajiye su can saman rumbu. Ko a shekarar da gidan ya koma cin tafasa da dusa, ba a taɓa damman nan ba. In damina ta matso, Hajo ce ke sussuka su, shi kuma ya zare 'yan zangarniyoyi ya ba ta, ta shuka a ɗan filin bayan ɗakinta. Haka ake yi tun Hamidu bai yi wayo ba.

A shekarar, hadari ya fara haɗuwa sai aka yi rasuwa a Buza, Baba Jima ya tafi ta'aziyya. Ya bar saƙo a kira Hajo ranar Asabar. Hamidu yana Urno, injin yana ƙofar gida. Ya ga abin kunya ne a ce gidan Injiniya ana kiran taɓarya. Ya hau rumbu da kansa, ya sauko da damman biyu, cikin ɗan lokaci ya cika buhu da iri fari tas, ya ɗinke baki. Da tsohon ya dawo ya kwance buhun, ya daɗe yana kallon abin da ke tafinsa. Ya tambaya ko an gwada. Hamidu ya ce ai injin ya ci damman rabin gari, wane gwaji kuma ya rage. Tsohon ya mayar da ƙwayoyin cikin buhu.

Ruwa ya sauka mai kyau, aka fita da sungumi, aka shuke gonar duka. Kwana huɗu, gonakin maƙwabta suka yi kore. Kwana shida, gonar Baba Jima tana nan ja, sai tsiro ɗaya nan, ɗaya can, kamar haƙoran tsohuwa. Hamidu ya zo daga Madawa da bayani iri-iri a baki: wataƙila tsuntsaye ne, wataƙila ɓeraye, wataƙila an zurfafa rami. Ya iske mahaifinsa a tsakiyar gona, durƙushe, yana tona gurbi da yatsa. Tsohon ya ɗago hannu, ga ƙwayoyin sun kumbura sun ruɓe, ko ɗaya ba ta tsaga ba.

"Injiniya," in ji shi, "taho ka auna wanga."

Wannan ne karo na farko da ya kira shi da sunan, kuma Hamidu ya ce da mari aka yi masa da ya fi sauƙi. Ya karɓi ƙwayoyin, ya gyara tabarau, sai ga abin a fili. Farin da ya yi ta alfahari da shi, gogewa ce. Injin yana gudu fiye da kima, yana kankare bayan ƙwaya har da ɗan idon da tsiro ke fitowa. Hatsin ci bai damu da wannan ba, fura ma daɗi take ƙarawa. Iri kuwa an kashe shi. Muryar Madam Fatiha, wadda ya iya kwaikwayo, ta dawo masa cikin kunne, kuma a karon nan ba ta ba shi dariya ba. Ya gwada injin a kan tuwon rabin gari, bai taɓa gwada shi a kan ƙasa ba.

Iri dai ana samu a kasuwa, gona ba za ta kwana fayau ba. Amma wancan dogon hatsin, na kakan mahaifinsa, babu shi a buhun kowa. Baba Jima ya koma gida ya zauna gindin rumbu, aka kawo fura bai sha ba. Hamidu ya zagaya gidajen dangi biyar, duk wanda ya taɓa karɓar irin ya riga ya gauraya shi da wani. Rahila ce ta faɗi abin da ya sani yake ƙin sani. Ta ce saura gida ɗaya, kuma ya san hanya, sai dai in babur ɗin Injiniya ba ya shiga lungu.

Da ƙafa ya tafi, da hantsi, ya bar hula a gida. Ya iske Hajo a ƙofar ɗakinta da mata uku suna tsinkar zogale. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta zagaye-zagaye a kan damina da lafiyar ƙafa, ita kuwa tana amsawa a natse, ta ƙi taimaka masa ko kaɗan. Sai da ya faɗi da bakinsa, a gaban matan, cewa ya kashe irin mahaifinsa.

"Na gani tun ranar da kac ce in huta," in ji ta. "Mi za ni ce ma mai takarda?"

Ta riga ta shuka nata na girbin bara, ya fito. Amma ba ta taɓa sussuke iri duka, takan bar wani saboda ko ruwa ya ɗauke. Ta shiga ɗaki ta fito da zangarniya goma sha ɗaya a naɗe cikin tsohon zane. Hamidu ya miƙa hannu biyu, sai ta janye. Ta ce dantsenta ya saba da hutu yanzu, ga turmi can, ga kuma itacen girki jingine da bango.

Haka Injiniya ya tuɓe riga ya kama taɓarya. Bugun farko ya saki ƙarfinsa duka, ta daka masa tsawa ta ce ba tsakuwa aka ba shi ba. Ta gyara masa riƙo, ta nuna masa cewa iri ba a dukansa, taɓarya ake saki ta faɗa da nauyinta, a juya, a tsaya a duba. Matan suka bar zogale suka gyara zama, wasu ma suka leƙo ta katanga. Kafin ya gama tafinsa ya yi bororo biyu, kuma labari ya riga shi isa bakin kasuwa. Abin da ya samu bai cika ƙaramar ƙwarya ba, launinsa toka-toka, ba kyan gani ko kaɗan. Ya rungume ƙwaryar a ƙirji har gida.

Da ruwa na biyu ya sauka, aka shuka irin kasuwa a gonar, aka ware wa na Hajo kusurwar gabas. Baba Jima da kansa ya riƙa jefa ƙwaya, uku-uku, yana ƙirgawa. Hamidu bai koma Madawa ba, kullum da sassafe yana bakin kusurwar a tsugune. Rana ta huɗu ya ga ƙasa ta tsage layi-layi. Ya ce shi dai ƙura ce ta shigar masa ido, amma Rahila ta ce kuka ya yi, kuma ita aka fi yarda da ita.

Injin yana nan yana aiki har yau. Ya canza masa puli, ƙarfen da bel ke juyawa, ya rage gudu, ya buɗe tsakanin ƙarafan, hatsi ya daina fitowa fari, har wasu mata suka yi ƙorafi. Duk injin da ya ƙera yanzu, kafin ya bar rumfa sai an ɗebi ƙwaya ɗari daga bakinsa an shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, an jira kwana huɗu, an ƙirga tsiro. In an kawo masa damin iri kuwa, ko na wane ne, yakan kwatanta wa mai shi gidan Hajo.

Da kaka ta yi, kusurwar gabas ta ba da zangarniyoyi dogaye kamar yadda aka saba. Baba Jima ya shiga shi kaɗai ya yi zaɓensa, ya fito da dami biyu ƙanana. Hamidu yana tsaye a bakin gona, yana fatan a ce ya hau rumbu ya ajiye, don ya san an yafe. Tsohon ya ɗauki ɗaya ya saɓa a kafaɗarsa. Ɗayan kuma ya ɗaga ya aza wa ɗansa a ka, ya gyara masa zamansa da hannu biyu, kamar yadda yake yi masa yana yaro.

"Ɗan-auta, kai ma Hajo wanga ta aje muna," ya ce. "Rabin iri shi kwan gidan da babu injiniya."

Hamidu ya bi ta tsakiyar gari da damin a ka, ana ta yi masa sannu da aiki. Kowace kaka tun daga nan shi ke kai shi, kuma bai taɓa neman a ɗora masa a babur ba.