Fuskar da Gwadabe Bai Taɓa Zanawa Ba

Idan aka ce Gwadabe mai zane a unguwar Mahjar ta Jidda, har kyanwar da ke kwana a ƙarƙashin motar burodi ta san wanda ake nufi. Dogo ne kamar an manta ba a ce masa ya isa haka ba, ga kunnuwa da za su iya tare iskar teku su hana ta shiga Jidda. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka duk abin da aka faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙara.

Umra ta kawo shi daga Bichi da niyyar mako biyu. Yau shekara ashirin da ɗoriya, makon na biyu bai cika ba. Ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya masa, sai dako a wani sito da ake sauke katan-katan na taliya da madara. A nan ya gano kwalin da ake zubarwa ya fi takarda daɗin zane. Fensirin kafinta yana maƙale a bayan kunnensa, kuma kunnen nan ko tsintsiya aka maƙala zai riƙe. Mutum ya zauna gabansa, kafin shayi ya huce ya fito a jikin kwali. Amma sai abin da ke gabansa. Ka ce ya zana maka kaza alhali babu kaza a wurin, sai ya zana maka wani abu da ko uwar kaza ba za ta karɓa ba.

A wancan zamanin waya ba ta ɗaukar hoto, kuma wanda ba shi da takarda ba ya son shiga shagon mai hoto a haska masa fitila a ido. Ga shi kowa yana son aika kamanninsa gida ta hannun alhazai. Sai aka koma wa Gwadabe. To amma babu wanda ya taɓa zama don a zana shi yadda yake. Wannan ya ce a cika masa kumatu, kada tsohuwa ta ce yunwa yake sha. Wancan ya ce a sa masa haƙorin Makka, alhali bakin nasa ko na Allah bai cika ba. Mai wankin mota ya ce a jingina shi da motar. Abin da kowa da kowa ya haɗu a kai kuwa shi ne tsaga. "Malam Gwadabe, goge min wannan, a ga kamar na zama ɗan gari." Gwadabe ya goge bille, ya goge kalangu, ya goge 'yar baka, har hannunsa ya saba: da ya zo kan kumatu sai ya wuce sumul, ko ba a roƙe shi ba. Ya raba wa mutanen Mahjar motocin da suka fi ƙarfin titin Makka, ya kuma mayar da rabin unguwar Larabawa.

Mutum ɗaya ce ta ƙi zama. Lubabatu, Bagobirar Tsibiri, mai sayar da funkaso da kunun gyaɗa a bakin siton, wadda daga ciniki ta zama matarsa. A waje niƙabi take sawa, a ɗaki kuwa ta kan ce masa, "Ranar da ka koyi zana mutum yadda Allah ya yi shi, ka zo. Ni ba za ka mayar da ni 'yar Misira ba."

Shi kuma ya ce, "Gobe."

Ana ta goben, zazzaɓi ya kwantar da ita. Tsoron tambayar takarda ya sa aka yi jinkirin zuwa asibiti. Aka rufe ta a nan Jidda, inda kabari ba shi da suna, ta bar masa yarinya ƙarama, Surayya. Hoto ɗaya da take da shi, na jikin fasfo, ambaliyar da aka taɓa yi a Jidda ta riga ta mayar da shi kunu tare da akwatin.

Ranar da aka dawo daga maƙabarta mutane suka jira Gwadabe ya yi kuka. Bai yi ba. Ya ce, "To." Tun daga nan wannan kalma ta zama abincinsa. A ƙara masa kaya a ka, to. A ce an kama maƙwabcinsa, to. Waya mai hoto ta zo ta kwashe masa masu zama, sai tsofaffin da suka gane waya ba ta sa haƙorin Makka, to. Aka shafa jan fenti a bangon gidan da suke haya a Ammariyya, aka ce a tashi za a rushe, ya ɗauki katifa da tukunya ya koma Waziriyya, to. Yana cin abinci, yana salla, yana dako. Ko an tsikare shi da wasa, an ce kunnensa ya ƙara tsawo, sai ya taɓa kunnen ya ce, "To."

Surayya ta girma a hannun matan unguwa, Larabci a bakinta kamar famfo, Hausa kuwa tana ji sarai amma in za ta yi sai ta yi ta tuntuɓe. Ta auri Zaharadden, mutumin Maraɗi mai aikin tayil. Bana suka yanke shawara: zaman ɓuya ya ishe su, ga ciki, ba sa son a haifi wani marar takarda. Za su je su miƙa kansu ga hukuma a mayar da su ƙasar da ita ba ta taɓa gani ba. Wanda ya fita ta wannan ƙofa kuwa ba ya sa ran dawowa.

Ana saura kwanaki su tafi ta zo ta sami uban yana jiƙa burodi a shayi.

"Abuya, ina son ummi."

"Ummi ta rasu."

"Na sani, wallahi. Surarta nake so. Fuska. Kabari ba zan iya ɗauka ba, ban ma san wanne ba ne. Yaro zai ce ina kaka, in nuna masa esh? Me?" Ta tura masa kwali. "Ka zana duk Mahjar. Yalla, maza, zana min ita."

Ya ce, "To."

Ya zauna da kwalin har la'asar. Ya tuna muryarta, ya tuna ƙaurin man funkaso a zanenta, ya tuna yadda take buga ludayi a bakin tukunya. Fuskar ce babu. Inda ya kamata ta kasance, fili ne fetal kamar Ammariyya bayan an kwashe ƙasa. Bai ji zafi ba, bai ji kunya ba. Ya dai ga babu.

Sai aka yi dabara. Aka kira ƙawayen marigayiya biyu da suka rage, Hajiya Zubaidatu mai ɗinkin abaya da Ikilima mai kitso, su faɗa shi kuma ya zana. Suka zo da furarsu, suka baje a tabarma kamar masu rabon gado.

"Fara ce," in ji Zubaidatu. "Fara sol, Allah ya ji ƙanta."

"Kai, Hajiya, fara dai? Wankan tarwaɗa."

"Ke da Allah rufe mana baki, mamaci ake magana. Baban Surayya, haska ta."

Ya haska ta.

"Hanci kuma har baka," in ji Ikilima, don kada a bar ta a baya. "Siriri, kamar biro."

"Ido fa? Dara-dara. In ta kalle ka sai ka manta canjinka."

"Ke kika manta, ni ban taɓa ba. Ƙara mata gira, Malam. A'a, ba irin taka ba, ta mutane."

Ya ƙara gira. Ya rage haɓa, ya ƙara gashi har gadon baya, ya sa ɗan murmushi na matar da ba ta taɓa tsayawa a rana ba. Babu wadda ta yi ƙarya da gangan. Mamaci ne, ba a faɗin aibunsa, ga kuma marainiya zaune tana jira a ba ta uwa. Kowace tana ba ta mafi kyan abin da take da shi. Hannun Gwadabe kuwa wannan aikin ya sani. Ya bi kumatun ya wuce sumul.

Aka gama. Zubaidatu ta ɗaga kwalin, ta ce, "Masha Allah, kamar ta yi magana." Matar da ke jiki kyakkyawa ce ƙwarai, irin wadda ake mannawa a kwalin sabulu. Gwadabe ya dube ta, ita ma ta dube shi, ba su san juna ba.

Surayya ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa yatsa ta shafa kumatun zanen, sama da ƙasa, kamar mai neman allura a tabarma.

"Wannan min? Wace ce?"

"Uwarki mana, 'yar nan," in ji Zubaidatu.

"La, khala. A'a, inna. Ummi fuskarta tana da hanya." Hausar ta ƙare mata, ta ajiye kwalin, ta matso gaban uban ta durƙusa. Ta ɗora yatsu a gefen bakinsa ta ja su a hankali har kunne. Ta dawo ta sake ja, ƙasa kaɗan. Ta sake. "Haka. In zan yi barci ina bin su da hannu. Wannan gefe ya fi wannan yawa. Ni ban tuna ido ba, ban tuna hanci ba. Wannan kawai."

Matan biyu suka dubi juna. Ikilima ta ce a hankali, "Mun ga kamar ba za ki so ba. Ku 'yan nan kuna jin kunyar abin."

"A madrasa yara suna ce min bintul mukhaɗɗaɗa, 'yar mai layi-layi. Na yi dambe saboda su. Yanzu ku goge?"

Gwadabe bai ce to ba. Kumatunsa na nan da ɗumin yatsun. Ya ciro fensirin, ya fere shi da reza, ya ɗora a gefen bakin matar sabulun. Hannun ya tsaya. Shekara ashirin yana kwashe wannan abu daga fuskokin mutane, bai taɓa sa shi ko sau ɗaya ba. Layin farko ya fito a karkace. Na biyu ya fi. Daga na uku hannun ya daina tambayarsa, ya tafi shi kaɗai, daga baki zuwa kunne, daga baki zuwa kunne. Da layukan suka zauna sai hancin biro ya ƙi zama da su, ya sa kilina ya goge, ya faɗaɗa shi. Hasken fatar ma ya ƙi, ya tsoma yatsa a baƙin fensir ya murza. Ya rage idon. Ya kwashe gashin ya ɗaura mata ɗankwali a karkace. Murmushin ya cire shi gaba ɗaya, ya buɗe leɓen kaɗan, wushirya ta leƙo, irin buɗewar bakin mai shirin cewa ba ta ba da bashin funkaso.

Ikilima ta rufe baki da mayafi. "La'ilaha illallahu. Luba."

Zubaidatu ta juya fuska bango, tana cewa fankar nan tana sa mata ruwan ido.

Gwadabe ya riƙe kwalin da hannu biyu. Ga ta nan, da ƙurar kilina a goshi, da rubutun kamfanin taliya yana leƙowa ta bayan kunnenta. Ya jira ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Abin da ya ji kawai shi ne ƙafarsa ta yi sanyi saboda zama. Amma bai ajiye ba, har aka kira magariba, har Surayya ta sa hannu ta zare shi daga yatsunsa a hankali, ta naɗe a cikin tsohuwar abaya, ta sa a ƙasan jaka inda ba zai karye ba.

Ranar tafiya bai raka su har wurin miƙa kai ba, don mai rakiya ma ana iya haɗawa da shi. A bakin titi suka yi sallama. Zaharadden ya durƙusa ya ce a yafe masa, Surayya ta sumbaci goshin uban, sai da ta yi ɗage kafin ta kai. Motar ta tafi da jakar.

Washegari da hantsi, da aka sami sarari a sito, ya yanko sabon kwali mai kyau, ya zauna a inuwar da take ajiye tukunyarta a da. Ya ce bari ya sake zana ta, shi ma ya sami nasa. Ya zana da'irar fuska. Ya ɗora fensir a gefen baki, ya jira.

Babu kowa a gabansa, sai bango da motar madara tana ja da baya.

Ya daɗe a haka. Direban ya leƙo ya ce, "Ya Gwadabe, yalla, kaya!"

Ya mayar da fensirin bayan kunne, ya jingina kwalin da bango, fuskar ba ido ba baki.

Ya ce, "To."