Libarbar Baba

Shekarar da mutanen ƙauyenmu na yankin Maradun suka fara kwashe iyalansu saboda 'yan bindiga, Baba ya kafe ya ce babu inda za shi. Ni ina zaune a Talata Mafara, na yi masa magiya har bakina ya gaji, amma duk zuwan da na yi sai in dawo ni kaɗai, raina a ɓace. Taurin kai a gidanmu gado ne, ni ma ban tsira ba.

Abin da yake taƙama da shi wata tsohuwar libarba ce da ya gada wurin wansa, ƙaramar bindigar nan mai gidan harsashi da ke juyawa. Ta tsufa ta saki jiki, in ka girgiza ta sai ta riƙa ƙara kamar murfin tukunya. Ya gwada ta a bayan gona bai sami ko kututture ba, ya ce laifinta ne.

"A ɗaure mani ita kawai," in ji shi. "In ta miƙe, ni da gidan ga sai mutuwa."

"In kuma aka gyara ba ka sami abin da ka auna ba fa, Baba?"

"Sai in bi ka Mahwara."

Na goya shi a babur zuwa Bakura, wurin wani maƙeri abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ke gyara wa mafarauta bindigogi. Sun daɗe suna gaisawa, gida, iyali, damina, har da ta'aziyyar waɗanda suka rasu. Sannan maƙerin ya shimfiɗa buhu ya warware libarbar. Ya cire sifirin, 'yar naɗaɗɗiyar wayar nan, da ya mutu, da wata 'yar ƙusa da ta cinye, ya ɗauko sababbi. Ba su zauna farat ɗaya ba. Ya goga da magagari, ya gwada, ya cire, ya sake gogawa kaɗan, haka har la'asar, Baba na zaune a gefe. Da ya haɗa ta, sai ya girgiza ta kusa da kunnen Baba. Babu ƙara ko kaɗan.

A al'adar maƙeran nan, mai gyara shi ke fara harbi, don in za ta fashe ta fashe a hannunsa, ba a hannun mai ita ba. Muka fita wani kwazazzabo a bayan gari, na jingina tsohon kwano a jikin ƙasa na koma baya. Maƙerin ya dubi abokinsa, kamar ba ya son abin da zai biyo baya. Ya yi bismilla ya harba. Kwanon ya yi sama.

Na mayar da shi. Baba ya karɓi bindigar ya ɗaga hannu. Wallahi sai a ranar na kalli hannun mahaifina da kyau. Bakin bindigar yawo yake yi, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya harba, ƙasa ta tashi can nesa da kwanon. Ya riƙe da hannu biyu ya sake, haka.

"Iska ta, abokina," in ji maƙerin a hankali.

"Babu wata iska," Baba ya ce. "Aikinka ya yi kyau. Riƙe ta wurinka."

Muka kamo hanyar dawowa. Abin da na daɗe ina nema ke nan, amma ban ji daɗi ba ko kaɗan, tausayinsa ne ya cika mini zuciya. Da muka shigo Mafara muka iso inda hanyar Maradun ta rabu, na rage gudu, don na kasa tambayarsa. Hannunsa na kan kafaɗata, ina jin yadda yake rawa.

"Mi kake jira?" ya ce. "Mu tahi gidanka. Gobe ka ɗauko uwarka."